Me ya sa saiklodekistirin bai zaɓi hannu ɗaya ba?

Ka ce ka sa beta-saiklodekistirin cikin haɗin sinadaranka domin ya fifita ɗaya daga tagwayen sinadarin, waɗanda suke kamar hannun dama da na hagu, amma suka fito kusan rabi da rabi.

Beta-saiklodekistirin sinadari ne mai siffar zobe da rami a tsakiya, an gina shi ne da sukarin gulukos guda 7. Nau'in alfa yana da 6, nau'in gama kuma 8. Bayansa yana son ruwa, cikinsa kuwa yana gudunsa, shi ya sa baƙon sinadari mai maiƙo yake shigewa ramin ya zauna. Sai dai zama kawai bai isa ba, domin idan ramin ya yi wa baƙon yawa, zai riƙa juyawa yadda ya ga dama, abokin haɗinsa ya same shi ta kowace fuska. Saboda haka ka fara gwada alfa, mai ƙaramin rami, idan baƙon naka ƙarami ne.

Abu na biyu, beta ba ya narkewa sosai: kimanin giram 1.85 cikin mililita 100 na ruwa a digiri 25. Wanda ya ƙara DMSO (wani ruwan sinadari mai narkar da abubuwa) mai yawa don ya narkar da shi ya raunana riƙon, haɗin kuma ya gudana a wajen zoben, inda babu zaɓi. Haka nan abin da aka samar yakan maƙale a ramin ya hana sabon baƙo shiga.

A ganina, zoben da ba a yi wa gyara ba kan ba da fifiko kaɗan ne. Ɗaura masa wani rukunin sinadari ko ƙarfe aiki ne da za ka yi tare da mai kula da bincikenka, a kuma auna sakamakon da na'urar HPLC mai rarrabe tagwaye.