Ɗana na son binciken sinadaran da ke haska fuskar waya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya gama karatun kemistiri a jami'ar KNUST ta Kumasi, yanzu yana bautar ƙasa. Ya ce bincike zai ci gaba da yi a kan sinadaran da ke sa fuskar waya ta yi haske. Babansa ya ce ɓata lokaci ne, gara ya nemi aiki a kamfanin haƙar zinariya. Shin wannan fanni ne na gaske? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fanni ne na gaske. In kin tambayi masu gyaran waya a Adum dalilin da ya sa sikirin OLED ya fi na LCD tsada, kin shigo cikinsa ke nan. Na LCD fitila ce ke bayansa tana haska shi. Na OLED kuwa kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, daga sinadarai masu ɗauke da kabon.

Sai dai Alhaji na da gaskiya a wuri ɗaya: aikin ba ya biya da wuri. Dubi Ching Tang, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro OLED, haifaffen Hong Kong a 1947. Ya yi digirin farko a Kanada, ya gama na dakta a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1975, ya kama aiki da Kodak, kamfanin fim ɗin hoto. Tun a 1963 masana sun san wasu sinadaran kabon na haske in an ba su lantarki, amma sai an ba su ɗaruruwan bolt (ma'aunin ƙarfin lantarki), abin da ba wanda zai sa a aljihu. Tang da abokin aikinsa Steven Van Slyke suka ɗora shimfiɗa biyu, kowace ta fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa: ɗaya na kawo caji daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, inda suka haɗu sai koren haske ya tashi, da bolt ƙasa da 10. A 1987 suka buga sakamakon, shekara 12 bayan shigarsa kamfanin. Sai a 1997 kamfanin Pioneer ya sa irin allon a rediyon mota, Sony ya fito da talabijin ɗinsa a 2007, Apple kuwa bai sa shi a iPhone ba sai 2017. Babbar lambar yabo ta Wolf a fannin kemistiri ta iso wa Tang a 2011, ya haura sittin.

Abin da ya sa nake goyon bayan yaron shi ne aikin bai ƙare ba. A sinadaran farko, kashi 25 cikin ɗari kawai na cajin da ya haɗu ke iya zama haske, saura ya tafi a zafi. A 1998 wasu masana a Amurka, Stephen Forrest da Mark Thompson, suka nuna cewa in an cusa ƙarfe mai nauyi cikin sinadarin ana iya ceto sauran, shi ya sa ake amfani da ƙarfen iridiyam, mai ɗan karen tsada. A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya kawo hanyar da ba ta buƙatar ƙarfen. Sinadaran da ke ba da jan haske da kore sun samu lafiya. Shuɗi ne har yau ke ba da wahala, don ƙarfin haskensa na karya sinadarin da ke fitar da shi, sai ya riga sauran gajiya. Yana cikin abin da ke sa tsohuwar waya ta riƙa nuna inuwar hoton da ya daɗe a kanta.

Ki sani manyan masana'antun allon suna Koriya ta Kudu da Sin, don haka tafiya waje kusan dole ce. Amma digirin dakta na kimiyya a Amurka galibi jami'a ce ke ɗaukar kuɗin makaranta, har ta ba ɗalibi alawus, na tsawon shekara biyar ko kusa. Kafin nan ya ƙarfafa fizis da lissafi, don kemistiri kaɗai ba ya kai mutum a wannan fanni, ya kuma nemi malami a sashensu da ke lissafa halayen sinadarai a kwamfuta, aikin da ake iya farawa a nan Kumasi. Ilimin kuma na aiki a farantin sola: Tang kansa a kan sola ya fara, ya buga wancan binciken a 1986.