Amsa kan saɓa wa jama'a a waƙa da siyasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aibi ne mutum ya ƙi bin ra'ayin mutanen ƙauyensu a kan waƙa da kallo da siyasa. A ganina ba aibi ba ne, muddin yana da hujja kuma bai raina kowa ba.

Ni ma a wani ƙauye kusa da Ringim nake zaune, kuma idan matasa suka tafi gidan kallo da dare, nakan zauna a zaure da fitila ina karanta rubutattun waƙoƙin ajami da na gada daga mahaifina. Abin da ke jan hankalina shi ne yadda marubuci ke riƙe amsa-amo ɗaya tun daga baitin farko har na ƙarshe ba tare da ma'ana ta karye ba, alhali yawancin waƙoƙin da ake ji a waya yanzu kiɗa ne ke ɗauke da su, idan aka cire shi sai kalmomin su zube. Fim kuwa ban ƙi shi ba, amma ba ya riƙe ni.

Siyasa ta fi nauyi. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, talakawan da suka bi Malam Aminu Kano a karkara sun sha ɗauri da tsangwama saboda sun saɓa wa masu sarauta. Shi ya sa ranar zaɓe nake duba wanda ya gyara mana rijiyar burtsatse, ba wanda mai unguwa ya nuna ba, sannan washegari in je in gai da mai unguwar da ladabi kamar kullum.