Ƙirga da Ibrananci: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, na fara koyon Ibrananci, sai na tarar lambobinsa suna da sigar namiji da ta mace. Wacce zan fara haddacewa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ki fara da sigar mace, domin da ita mutanen Isra'ila suke ƙirga, suke faɗin ƙarfe nawa da lambar waya: ahat, shtayim, shalosh, arba, hamesh, shesh, sheva, shmone, tesha, eser. Daga 3 zuwa 10, sigar namiji ce take ɗaukar wasalin "a" a ƙarshe, wanda bisa al'ada alamar mace ce, kamar shlosha da hamisha, kuma nan masu koyo suka fi tuntuɓe, sai dai wanda ya karanci nahawun Larabci ya saba da wannan juyi. Daga 20 zuwa 90, gomomi ba sa bambanta jinsi, kuma arba'im da hamishim ba za su yi wa kunnenki baƙunta ba, tunda arba'in da hamsin ɗinmu daga Larabci suka zo, wanda danginsa ɗaya da Ibrananci.