Yadda yara za su warware sirrin, ba manya ba

Kin tambaya yadda za ki hana manya ƙwace binciken a littafinki na 'yan shekara 9 zuwa 12, inda ƙawaye biyu suka tsinci tsohuwar takarda a adakar kakar ɗayarsu. Ki raba sanin, kada kowa ya riƙe shi duka. Ɗaya ta iya karanta ajami saboda makarantar allo, ɗayar ta san lungunan cikin birnin Kano, kaka kuma ta san komai amma ta kame bakinta don abin ya shafi mutuncin gida. Alamu uku sun isa, ta farko kafin babi na uku, ki haɗa da guda ta yaudara.

Sharaɗin shi ne sirrin ya zama na gida, tarihin gari kuwa a bar shi yadda yake. Idan an rubuta takardar lokacin da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, to ajami ce da tawada, shekarar kuma 1320 ta Hijira. Nan marubuta ke yawan tuntuɓe: sai su sa boko da kwanan watan Bature, malamin da ke karanta wa ɗalibai ya gano nan take.