Ledar dare ba ta isa a yanke wa tantanin ciki hukunci ba

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce lita 2 na ruwan wankin ƙoda kike zubawa a cikinki da dare, da safe mililita 1,700 kawai ke fita, ƙafa ta kumbura, kuma an ce miki wai tantanin cikinki, wanda ke tace dattin jini zuwa cikin ruwan, ya gama aiki. Duk mai wankin ƙoda ta ciki ya san wannan faɗuwar gaba. Abin da ke ƙona min rai shi ne mai faɗar maganar bai ko ɗora ledar ruwan a sikeli ba. Ya leƙa takarda, ya yanke hukunci, mutum ya koma gida ya kasa barci. Haba!

Ruwan da ya kwana awa 8 ko 10 na iya raguwa: jiki na shanye sukarin da ke janyo ruwa, sannan ya tsotse ruwan kansa. Kafin a zargi tantani, yaushe rabonki da bayan gida mai kyau? Taurin ciki na danne robar da ruwan ke bi ko ya ture ta sama, hoton ciki zai nuna. Ki duba ko akwai farin zare-zare a ledar, yana toshe hanya. Kumburi a cibiya ko mara kuma na iya zama ɗigar ruwan wankin.

Gwajin da za ki nema shi ne PET, gwajin aikin tantanin ciki, wanda likitan ƙoda Twardowski ya tsara a 1987. A juye ruwan dare tas, minti 20, kina zaune. A zuba lita 2 cikin minti 10 kina kwance, kina juyawa dama da hagu. A ɗebi ruwan a farko, a awa 2 da awa 4, jini kuma a awa 2. Idan kiriyatinin (dattin da ƙoda ke fitarwa) ɗin ruwa bisa na jini ya haura 0.81 a awa 4, tantaninki mai saurin wucewa ne, wato datti da sukari na ratsa shi da sauri. Irin wannan maganinsa gajeren zaman ruwa a ciki ne, dogon zaman kuma a nemi Extraneal (ruwan wanki na musamman da jiki ba ya saurin shanyewa), ba a yi ta ɗura leda mai ƙarfi ba, don yawan sukari shi ke ƙara lalata tantanin.

Amma tunda matsalarki ruwa ce, ki roƙa a yi gwajin da leda mai sukari kashi 4.25, ba 2.5 ba. Rarar ruwa (abin da ya fita sama da abin da aka zuba) da ta gaza mililita 400 bayan awa 4 ita ce gazawar gaske. A kuma auna sodiyam (sinadarin gishiri) ɗin ruwan a awa 1. Ya kamata ya sauka, alamar zallan ruwa na ratsowa. In saukar ba ta wuce mmol 5 a lita ba, likita ya zurfafa bincike.

Wallahi awon ma a nan ake kwafsawa. Leda ba lita 2 cif take zuwa ba, akwai ƙari a ciki, kuma ruwan ɗauraye bututu ledar juyewa yake faɗawa. Sai a lissafa shi a matsayin rara. A auna ledar a sikeli kafin a zuba da bayan an juye, kilo ɗaya kusan lita ɗaya ne.

In kin yi ciwon tantani (shigar ƙwayoyin cuta) kwanan nan, a jira wata guda, in ba haka ba sakamakon zai nuna sauri na ƙarya. In kina da ciwon sukari, a auna sukarin jininki ranar.

Kuma don Allah a rage gishiri da dunƙulen miya. In numfashi ya fara yi miki wuya a kwance, kada ki jira ranar gwaji, asibiti yau.