Mai busa a wajen biki: albashi zan ba shi ko jinga za mu yi?

Wata 'yar kasuwa mai sana'ar shirya bukukuwa da taruka ta aiko da wannan tambaya: "Ina bayar da hayar kujeru da kayan sauti, ina kuma yin adon zaure. Kwanan nan masu biki suna yawan tambayata ko ina da mai busa sarewa ko saksofon da zai yi musu busa kai tsaye lokacin da baƙi ke shigowa. Na samu wani saurayi gwani, ina tunanin in ɗauke shi albashin wata don ya zama nawa ni kaɗai. Wannan dabara ce? Kuma yaya zan yi lissafin abin da zan ɗora wa masu biki?"

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ki ɗauke shi albashi yanzu. Ku yi jinga biki-biki, kowace jinga a rubuce, kuma kada ki yi masa alƙawarin wata rana sai kuɗin mai biki ya shigo hannunki.

Albashi ba ya sanin watan da kasuwa ta yi sanyi. Ko an yi biki ko ba a yi ba, ƙarshen wata zai zo ya tsaya a ƙofarki. Ki buɗe littafinki na watanni 12 da suka wuce, ki ƙirga bukukuwan da da gaske masu su za su iya biyan kuɗin mai busa, ban da waɗanda suka yi tambaya kawai suka wuce. A ce albashin da zai yarda da shi ya kai kuɗin jinga biyar. To sai kin sayar da busarsa sau biyar a kowane wata kafin ki dawo da abin da kika kashe, ribar ma sai daga na shida. Akwai kuma matsalar da albashi ba ya warwarewa: bukukuwa cunkushewa suke yi a ƙarshen mako. Idan biyu suka faɗo rana ɗaya, lokaci ɗaya, ɗaya kaɗai zai iya zuwa, ɗayan dole ki nemo wani ki biya shi daga aljihunki, ga albashi kuma yana tafiya. Sannan gwanin gaske yana da wasu hanyoyin samu, yana koyarwa, ana kiransa ɗaukar sauti, wasu ma suna gayyatarsa. Kafin ya ajiye duk wannan saboda ke, sai kin ba shi abin da ya fi ƙarfin kasuwarki a yanzu. Wanda kuwa ya karɓi ɗan ƙaramin albashi da sauri, ki sa ido, domin yawanci zai ci gaba da karɓar aikin waje a ɓoye.

Abin da kike nema a albashin shi ne tabbacin samunsa, kuma ana samun wannan da arha. Ki riƙa ba shi ranakunki da wuri, shi kuma ya yi miki ragi a kan farashinsa saboda yawan aikin da kike kawo masa, tare da alƙawarin cewa duk wanda ya nemi wata ranar ƙarshen mako, zai fara tuntuɓarki, ya ba ki awa 24 ki ce kina so ko ba kya so.

Idan kun zauna ciniki, za ki ji kuɗinsa ya yi miki yawa a kan busar da ba ta wuce minti 40 ba. Kada ki auna shi da mintocin. Ranarsa sukutum kike saye, da tafiya da dawowa, da zaman jira, da aikin da ya ƙi karɓa saboda ke. Wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun yi bayanin wannan tun 1966. Suka ce masana'anta tana iya sa inji ta ninka abin da take samarwa, amma waƙar da mutum huɗu ke bugawa a rabin awa, har gobe mutum huɗu da rabin awa take buƙata. Saboda haka kuɗin kiɗan kai tsaye hawa yake yi tare da tsadar rayuwa, babu wata dabarar da za ta sauko da shi. Ga kuma kula da kayan aiki. Saksofon da kilarinet, wata irin sarewar turawa, suna da wani ɗan siririn kara da ake ɗaurawa a bakinsu, shi ne yake kaɗawa ya ba da sauti, kuma yana lalacewa a kai a kai, sai an riƙa sayen sabo. Fatun da ke toshe ramukan sarewar ƙarfe su ma suna tsufa, sai mai gyara ya sake su. Ki yi ciniki, haƙƙinki ne, amma kada ki matse shi har ya karɓa da ɓacin rai. Mai busan da ya ji an cuce shi, shi ne wanda zai samu wani uzuri ranar da aka kira shi da farashi mafi tsoka.

Yanzu ga inda kuɗi ke shiga da inda yake zurarewa. Mai biki ya ba ki kafin alƙalami, ke kuma daga cikinsa ki ba mai busa nasa. Kada uwar kuɗinki ta shiga tsakani. Kuma duk sharaɗin da kika amince wa mai busa, ki tabbata irinsa yana cikin takardar da mai biki ya sa wa hannu. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: sun yarda cewa kafin alƙalamin mai busa ba ya dawowa idan an fasa, amma sun gaya wa mai biki da baki cewa za a mayar masa da kuɗinsa. Ranar da aka fasa, su ne a tsakiya, suna biyan ɓangare biyu. Ki rubuta matakai a fili. Misali, wanda ya fasa saura fiye da wata guda, kafin alƙalami kaɗai ya rasa. Wanda ya fasa saura mako biyu zai biya rabi. Wanda ya fasa a makon bikin zai biya duka, domin a lokacin babu wanda zai sayi ranar. Ɗage biki ma ki ba shi layinsa: idan mai busa yana da sarari a sabuwar ranar, kuɗin ya bi ta, idan ba shi da shi, a ɗauke shi a matsayin fasawa. Cikon kuɗin mai biki ya shigo kafin ranar, na mai busa kuma ya fita a ranar, da zarar ya rufe akwatinsa. Kada ki taɓa ce masa ya jira sai an biya ki. Da ke ya yi ciniki.

Batun abin da za ki ɗora, hanya biyu ce. Ko dai ki tsaya a matsayin dillaliya, ki haɗa su, ki karɓi la'adarki, nauyin zuwa ko rashin zuwa ya rataya a kansa. Ko kuma ki sayi aikinsa ki sayar da sunanki a cikin kunshin hidimarki. Ta biyun ta fi riba, kuma ita nake ba ki shawara tunda kina da kayan sauti, amma ki sani duk abin da ya faru ke za a tuhuma. Farashinki ya ƙunshi jingarsa, kuɗin motarsa, makirfo da lasifika da yaron da zai kula da su, da wani ɗan kaso da za ki riƙa warewa don ranar da abu ya ɓaci, sannan ribarki a sama. A kan ribar kuma ki kula da wani kuskure da ya zama ruwan dare. Idan abu ya tsaya miki a 100 kika ɗora 25 kika sayar 125, ribarki kashi 20 cikin ɗari ce ta kuɗin da kika karɓa, ba 25 ba. In kina son kashi 25 na gaske, sai kin sayar a kusan 133. Wanda bai san wannan ba yakan yi ragin kashi 20 yana ganin ya rage riba ne kawai, alhali ya sayar a yadda ya saya.

Akwai abubuwan da suka shafi kayan busar kansu, kuma ina so ki san su da kyau, domin daga nan ƙorafin masu biki yake fitowa. Sarewa muryarta a hankali take. A ɗaki mai mutum talatin tana ratsa zuciya, amma a zauren da ɗaruruwan mutane ke gaisawa, cokula na bugun faranti, ana jan kujeru, teburi biyu na gaba ne kawai za su ji ta. A fili kuwa, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ga iska: mai sarewa hura siririyar iska yake yi a gefen rami, idan iskar waje ta kaɗo ta gefen fuskarsa sai ta kwashe ta, ki gan shi yana motsa yatsu amma sautin yana yankewa. Don haka ki tanadi ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a kan sarewar, mai soso a kansa, ki kuma ajiye shi inda bango ko labule zai kare shi. Saksofon da kakakin turawa matsalarsu akasin haka ce, ƙara gare su, musamman ga wanda ke zaune daidai bakinsu. Kada ki sa teburin dattawa ko na masu jarirai a gabansu.

Zafi da sanyi ma suna taɓa su. Kayan busa idan suka ɗumama muryarsu hawa take yi, idan suka yi sanyi ta sauka. In zai yi busa tare da piyano ko da kiɗan da aka ɗauka a na'ura, wanda yawanci an daidaita shi a kan ma'aunin tashin murya na 440 da aka saba a duniya, dole ya samu 'yan mintoci a cikin zauren ya ɗumama abin busarsa ya daidaita. Kilarinet mai kyau da icce ake yin ta, galibi wani baƙin icce mai tauri da ake samu a Tanzaniya da Mozambik, kuma sauyin zafi ko laima kwatsam yana iya tsaga ta. Idan mai ita ya ce ba zai tsaya cikin rana ko yayyafi ba, ba girman kai ba ne, jarinsa yake karewa. Ki rubuta inuwa da kujera da ruwan sha cikin sharuɗɗan. Hutu ma haka. Da leɓe da huhu yake aiki, kuma abin da aka saba shi ne busar kamar minti 45 sannan hutun kwata. Ki gaya wa mai biki tun farko, don kada ya ga an yi shiru ya ɗauka an ha'ince shi.

Lokaci yana fara ƙirguwa daga ƙarfen da aka rubuta, ko an fara biki ko ba a fara ba. Ƙarin lokaci a yanke masa kuɗi a kan kowane rabin awa, a kuma ambaci sunan mutum ɗaya tak da ke da ikon cewa a ƙara. In ba haka ba, wani ƙanin ango zai ce a ci gaba, washegari kowa ya ce bai san zancen ba. Waƙar da ake so ta musamman a faɗe ta saura mako biyu. Kyautar da baƙi suka miƙa masa tasa ce, kada ki sa mata ido.

Kada ki dogara da mutum ɗaya komai gwanintarsa. Tari ko ƙurji a leɓe ya isa ya hana mai busa aiki, abin da mai ganga zai daure ya yi. Ki nemi aƙalla mutum uku, ki saurari kowannensu da kunnenki a ɗaki, domin bidiyon waya ana iya gyara shi. A takardarku ya kasance idan ya kasa zuwa, shi zai kawo madadin da kika riga kika amince da shi, ko ya dawo da kuɗi gaba ɗaya.

Sai haƙƙin mallaka. A 1847 wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya kai ƙarar wani gidan shaƙatawa a Faris, saboda ana rera waƙarsa a wurin ba tare da an biya shi ba. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma daga nan aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851 don karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Yau ƙasashe da yawa suna da irinta. Dokoki sun bambanta, musamman tsakanin bikin iyali da taron kamfani da ake sayar wa tikiti, don haka ki tambayi mai zauren ko yana da lasisin kiɗa. In kuma za ki sa bidiyon busar a Instagram ko TikTok don talla, ki nemi izinin mai busa da na masu biki, ki kuma san cewa ana iya toshe sautin idan waƙar wani ce.

Na san abin da ke ranki da kika ce kina so ya zama naki ke kaɗai: tsoron kada baƙi su karɓi lambarsa su zagaye ki. Za ki iya rubuta cewa duk aikin da ya fito daga bikin da kika kai shi, cikin shekara guda, ta hannunki zai bi ko ya ba ki la'ada. Yana da amfani, sai dai bin diddiginsa da wuya. Abin da ya fi riƙe shi shi ne ya san a wajenki kuɗinsa ba ya kwana, makirfonsa yana aiki, kuma ba a barinsa a rana. Ki yi shekara guda a haka kina rubuta kowace jinga: nawa aka biya ki, nawa kika kashe, sau nawa kika neme shi ba ki samu ba. Idan littafin ya nuna ko a watannin da kasuwa ta fi sanyi kina wuce adadin da zai biya albashi, to sai ku zauna. Ko a lokacin ma ki fara da ɗan alawus na wata-wata wanda zai riƙe miki ranakun ƙarshen mako, jingar kowane biki kuma ta ci gaba a kan farashi mai ragi.