Kafin ka biya kuɗin shafi mai jujjuya kaya

Tambaya: Takalma nake sayarwa ta intanet. Wanda ya gina mini shafi ya ce in ƙara kuɗi ya sa kayan su riƙa jujjuyawa kamar a hannu. In biya?

Amsa: Malam, kafin ka fitar da ko sisi, tambaye shi wane iri yake nufi, domin aikin iri biyu ne.

Na farko da CSS ake yin sa, wato ƙa'idojin da ke tsara kamannin shafi. Hoto ne kawai ake karkatawa ko a kifa shi kamar kati, gaba takalmi, baya bayaninsa. Layuka kaɗan ne, ba ya ƙara wa shafi nauyi, bai kuma kamata ya yi tsada ba. Sai dai ado ne zalla.

Na biyu shi ne mai cin kuɗi. Ana ƙera siffar takalmin a kwamfuta, a nuna ta da JavaScript, yaren da ake rubuta wa shafi umarni da shi, ta hanyar WebGL, fasahar zana irin wannan siffa a cikin shafi da ta fito a 2011. Mai saye zai sa yatsa ya juya takalmin, ya leƙa ɗinkin gefe, ya kifa shi ya duba ƙasansa. Wannan kam yana da amfani, don wanda ya ga kaya sosai ba ya saurin maido da su. Amma kowane samfuri sai an ƙera masa tasa siffar. In kana da samfuri arba'in, aiki arba'in ke nan, kuma duk sabon kayan da ya shigo sai ka sake biya. Nan ne lissafi kan ƙwace wa mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kada ka yarda da gwajin da zai nuna maka a kwamfutarsa. Nemi waya mai araha ka buɗe da kanka. In ta tsaya tana tunani ko ta ɗau zafi, haka mai saye zai gani ya wuce.

Ni dai da ni ne, da takalmin da ya fi tafiya zan fara, in bar hotunansa na yau da kullum a wurin, in duba ciniki bayan wata biyu. Ku kuma rubuta a yarjejeniya cewa siffofin mallakarka ne, ya ba ka su a tsarin glTF, wato tsarin fayil na gama-gari da ake adana irin waɗannan siffofi a cikinsa, yadda ko kun rabu wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya.